Gidan Hayar Da Ishaya Ya Zaɓa Wa Zanenmu

Damina goma sha uku ke nan ruwa yana sauka a kan kabarin Ishaya. Ni ba marubuci ba ne. Karatuna bai wuce firamare da 'yan darussan yamma da aka riƙa yi mana a masaƙa ba, kuma duk shekarun nan na bar tunawa da shi tsakanina da zuciyata. Amma bana wani abu ya shigo har cikin gidana ya same ni, na ga idan na yi shiru ban kyauta wa mamaci ba.

A Kakuri muka san juna, a ɗaya daga cikin masaƙun da a da idan jiniyarsu ta busa sai titi ya cika da kekuna har mota ta rasa hanya. Ni ina shugabantar wani rukuni a sashen buga zane a jikin atamfa, shi ya sa kowa yake ce mini Foman. Shi kuma Ishaya ma'aikacin lantarki ne, mutumin kudancin jihar nan, yana zaune a Sabon Tasha da matarsa, ni ina Tudun Wada. Idan injina ya tsaya shi ake kira. Zai zo da jakar kayansa yana tafiya a hankali kamar ba shi ake jira ba, ya kasa kunne a jikin ƙarfen, sannan ya dube ni ya ce, "Foman, injin nan ba shi da laifi. Faɗanka ne ya ishe shi." Haka muka shekara da shekaru, ina faɗa yana gyara.

Da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, mun ɗauka masaƙu za su farfaɗo. Kowane ɗan takara da ya zo Kakuri sai ya rantse zai mayar da jiniya bakin aikinta. Muka yi tafi, muka jefa ƙuri'a, ƙofofi kuma suka ci gaba da rufewa ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan tamu. Wasu suka koma ƙauye, wasu suka hau acaɓa, ni na buɗe ɗan shagon kayan ɗinki. Ishaya ya samu aikin jan waya a shagunan intanet da suka fara ɓulla a gari a lokacin. Daga jan waya ya fara leƙen abin da matasa suke yi a kan kwamfuta, daga leƙe ya koma tambaya, har ya iya. Mutum da furfura a gemu yana koyon sana'ar samari, mun yi masa dariya ba kaɗan ba. Bai taɓa ramawa ba.

Akwai wani ɗaki a masaƙarmu da ake ajiye takardun zane. Kowace atamfa da muka taɓa bugawa, da hannu wani ya fara zana ta a kan takarda mai kauri, kuma a bayan kowace takarda akwai sunan wanda ya zana. Bayan an rufe, rufin ɗakin ya fara yoyo, gara ta samu shiga. Mu tsofaffin ma'aikata mun kafa 'yar ƙungiya, muka nemi izini muka kwashe abin da ya rage zuwa wani ɗan ofis da muke haya a Kakuri. Amma can ma gara ta biyo mu. Ishaya ne ya ce a ɗauki hoton kowace takarda da na'ura, a buɗe wa ƙungiya shafi a intanet a zuba su ciki.

Ya yi mana bayanin abin yadda za mu gane. Ya ce shafi ba a iska yake zama ba. Akwai wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, ana ce mata saba, a cikinta shafin yake zama kamar ɗan haya a ɗaki, duk wanda ya nemi shafin daga ko'ina a duniya ƙofar wannan ɗakin yake ƙwanƙwasawa. Aikin da ke gabanmu shi ne neman gidan hayar da ya dace da mu. Sai ya rufe littafinsa ya ce, "Amma kafin in nema muku gida, ku gaya mini me kuke so abin ya yi muku. Tela ba ya yanka sai ya auna."

Shugaban ƙungiya ya ce yana so masu kuɗi su gani su zo su tayar da masaƙa. Wani ya ce yana so ɗansa da ke Legas ya ga inda ubansa ya ƙare ƙuruciyarsa. Malam Tanko, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗakin zane, yana zaune a baya, idanunsa sun fara hazo. Sai da kowa ya gama sannan ya ce, "Ni ba na jiran mai kuɗi. Mata sun ɗaura zanena sun je biki, sun goya 'ya'ya da shi, babu wadda ta san da ni. Ni dai a san ni na zana." Ishaya ya ce, "To, na ji awon." Daga ranar, abin da muke nema bai wuce wannan ba: kowane zane ya zauna tare da sunan mai shi, ya daɗe bayan ranmu.

Bai yi gaggawa ba. Ya yi makonni yana bincike, yana dawowa yana gaya mana abin da ya gano, ko da yake rabinmu gyangyaɗi muke yi. Akwai masu ba da ɗaki kyauta, amma ya nuna mana yadda suke liƙa tallar caca da hotunan banza a saman shafin mutum, Malam Tanko ya ce gara gara ta cinye zanensa da a jera shi da wannan. Wasunmu suka ce a sayi injin sabar a ajiye a ofis, abinka a hannunka ya fi. Ishaya ya nuna ƙwan fitilar da ke sama, wanda rabonsa da kamawa an kwana biyu, ya nuna jirwayen ruwa a bango, maganar ta mutu.

Saura biyu. Akwai kamfanoni a ƙasar waje, ya ce injinansu ba sa tsayawa, wutarsu ba ta ɗaukewa, kuma shi kansa ya amince sun fi ƙwarewa. Amma sai da katin banki irin wanda babu mai shi a cikinmu, kuma idan matsala ta taso sai an rubuta musu da Turanci a jira amsa. Ɗayan kuma namu ne. Ba zan ambaci sunansa ba, don yana da 'ya'ya. Manaja muke ce masa tun a masaƙa, inda ya riƙe ofishin ma'aikata. Da aka sallame mu shi ya fita da ƙarfinsa, ya buɗe babban shagon intanet a Barnawa, da farantin kamo intanet a kan rufi da janareto biyu, ya sayi saba yana ba kamfanoni da makarantu haya.

Abin da Ishaya ya faɗa a ranar yanke shawara, ina iya maimaita shi ko a mafarki. Ya ce, "Kada in ruɗe ku. Zan sa wa ɗakinmu makulli, amma kowane mai gida yana da hanyar shiga ɗakin ɗan haya, Bature ne ko namu. Don haka ba makulli za ku zaɓa ba, mai gida za ku zaɓa." Sannan ya juyo gare ni yana murmushi. "In na mutu, wa zai rubuta wa Bature? Kai, Foman? Da Turancinka na zagin inji?" Aka bushe da dariya, har da ni.

Mu mutanen da, muna da ma'auninmu na amana. Ba a ba da ajiya sai ga wanda aka san ƙofar gidansa, wanda in ya yi rashi za ka je, in ka yi rashi zai zo. Manaja ya ci abinci da mu a kantin masaƙa. Mun raka gawar mahaifinsa. Lokacin da gari ya rikice aka riƙa duba addinin mutum kafin a bar shi ya wuce, shi ya ɗauko wasu daga cikinmu a motarsa, bai tambayi kowa inda yake ibada ba. Ishaya ya auna ƙwarewar Bature, ya auna wannan, ya ga tsofaffin da ke gabansa waɗanda ba su da abin da suka iya in an cuce su sai taka ƙafa su je su yi sallama. Ya zaɓi wanda za a iya yi wa sallama. Kowa ya ce madalla.

Duk da haka bai miƙa kayanmu ido rufe ba. Ya kwashe mu muka je Barnawa, don ya san gani ya kori ji. Aka sa muka tuɓe takalma a bakin wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa. Malam Tanko ya shafa injin da tafin hannu ya ce, "Wannan ɗan akwatin ne zai ɗauke aikin rayuwata? Ai ko kayan lefen marowaci sun fi shi girma." Ishaya ya sa Manaja ya kashe wutar ginin gaba ɗaya a gabanmu, don ya ga ko batir zai riƙe injin kafin janareto ya tashi. Ya riƙe. Ya nemi sanin wanda yake kula da ɗakin ranar Juma'a da ranar Lahadi. Ya tambayi abin da zai faru in tsawa ta faɗo wa farantin. Manaja yana dariya yana cewa, "Ishaya, ko surukina bai yi mini wannan titsiyen ba."

Sai aikin zubawa. Kowace takarda ya yi mata hoto iri biyu. Ƙarami, mara nauyi, wanda zai buɗe da wuri ko a shagon da layinsa yake jan ciki, da sunan mai zanen a rubuce a jikinsa yadda ba za a iya yanke shi ba sai an ɓata hoton. Wannan shi kowa zai gani. Da babba, wanda ya fito da kowane layi da kowane ɗigo har za a iya buga atamfa da shi. Wannan ya kulle shi a wani ɓangare na sabar da baƙo ba ya isa. Ya riƙa hawa mota yana zuwa shagunan Sabon Tasha da na Tudun Wada yana gwada buɗe shafin, in ya ga ya yi nauyi ya koma ya rage. Sannan ya kwafe manyan hotunan duka a faya-fayai, ya jera su a kwali ya kai gidansa. Ya ce ko gidan haya ya ƙone, kada mu tashi a tutar babu.

Ranar da aka buɗe shafin, zanen farko da ya fito shi ne wanda matan wancan zamani suka raɗa wa Gashin Zabo, shuɗi mai ɗige-ɗigen fari, aikin Malam Tanko. Tsohon ya kai fuskarsa dab da gilashin bai ga rubutun ba. Ya ce a karanta masa. Aka karanta sunansa. Ya ce, "Ban ji ba." Ƙarya yake yi, ya ji sarai. Aka sake karantawa. Bai shekara ba bayan nan ya rasu, kuma na tabbata ya tafi yana ganin an biya masa buƙata.

Ishaya ya ci gaba da kula da shafin kamar mai kiwon akuya ɗaya. Masu kuɗin da shugabanmu yake jira ba su zo ba, amma jikoki sun riƙa rubutowa suna cewa sun ga sunan kakansu. Mu kuma da muka ga ajiya ta samu wuri, sai muka saki jiki da takardun ofis, gara ta ƙarasa abin da ta fara. Ba mu damu ba. Me za a yi da takarda, tunda ga inji ga faya-fayai?

Ciwon da ya ɗauke Ishaya bai ba mu lokaci ba. Muka je Sabon Tasha zaman makoki, Musulmi da Kirista, tsofaffin masaƙa kaf. Manaja ya zo, kamar yadda ma'auninmu ya ce zai zo. Ya kawo buhun shinkafa, ya zauna a kan benci tare da kowa, da idona na ga hawaye a idonsa. Da zai tafi ya ja ni gefe tare da matar mamacin, Maman Rahila, ya ce faya-fayan nan zafi yana lalata su, gara a kai su ɗakin sanyi kusa da injin. Magana ce mai kama da hankali. Maman Rahila ta dube ni, na gyaɗa kai. Ni na ɗauki kwalin na sa masa a bayan mota, har na yi masa godiya.

Shafin ya ɗan ci gaba da aiki, sannan wata rana aka buɗe aka ga wayam. Muka taka muka je muka yi sallama, kamar yadda Ishaya ya tsara mana. Manaja ya ba mu shayi ya ce ana gyara ne. Muka koma, ya ce an yi odar wani ƙarfe daga waje. Muka sake komawa, yaransa suka ce ya yi tafiya. Daga baya ya rufe shagon, ya shiga harkar shigo da kaya da ta siyasa, ya koma gida mai dogon bango da mai gadi. Da muka matsa, ya aiko a gaya mana injin ya ƙone, faya-fayan kuma sun ɓata wajen kwashe kaya. Muka yi baƙin ciki, muka ce ƙaddara ce, sakaci ne irin na ɗan Adam. Shekaru muka yi muna yafe masa laifin sakaci, ashe ba wannan ne laifin da ya aikata ba.

Bana za a aurar da jikata. Matan gida suka je kasuwa suka zaɓo atamfar anko, wadda duk dangi da abokan arziki za su ɗinka su sa ranar biki. Na dawo daga shago na tarar an baza turamen a tsakar gida ana ta yabawa. Tun daga zaure na gane shi. Gashin Zabo ne, shuɗin ya fi namu ƙyalli, yadin ya fi namu sirantaka. Da farko har na ji daɗi, na ce wataƙila wani ya samu tsohon zane a akwatin uwarsa ya kwaikwaya. Sai na ɗaga shi a rana. A gefen babban gashin zabon da ke cikin zanen akwai wani ɗan gurbi kamar cizon yaro a jikin ƙosai, kuma duk inda zanen ya maimaitu gurbin yana nan. A atamfar da na buga da hannuna babu wannan. Cin gara ne. A jikin takardar Malam Tanko yake, ranar da Ishaya ya ɗora ta a kan na'ura ina tsaye, har ya ce mu bar shi haka kada mu taɓa aikin tsoho. Waɗanda suka buga wannan sun ɗauka ado ne. Hoto ɗaya ne tak a duniya mai wannan gurbin da girman da za a iya bugawa da shi, kuma na san ɗakin da aka kulle shi. Na duba bakin zanen, inda ake rubuta sunan masu shi. Sunan wani kamfanin waje ne.

Washegari na zaga rumfunan atamfa da sabon ido. Na ga namu a rataye nan da can, an canza wa wasu launi, an bar wasu yadda suke. Ashe sun daɗe suna wuce ni a jikin mata a titi, ni ne ban ɗaga kai ba.

Na samu Manaja a wajen wani ɗaurin aure, inda mai gadi ba zai tare ni ba. Ya yi ƙiba, ya rungume ni yana "Foman, Foman, kana nan da ranka?" Na ciro ƙyallen daga aljihu na nuna masa gurbin. Ya duba, bai ko musa ba, wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Haba Foman. Masaƙa ta mutu, Tanko ya mutu, Ishaya ya mutu. Sai in bar abu ya ruɓe a cikin inji? Ai ni na raya muku shi. Dubi yadda mata suke rububinsa."

Na ce, "Sunan Tanko fa?"

Ya gyara hularsa ya ce, "Mace ba suna take ɗaurawa ba."

Aka kira shi ɗaukar hoto da ango, ya tafi.

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba ni da ta cewa da mutanen da suka buga a wata ƙasa; ba su san Tanko ba, ba su ci abinci da mu ba, an kai musu kaya sun saya. Amma wanda ya zauna a kan benci a gidan makoki yana hawaye, idonsa yana kan kwali, shi ban san inda zan ajiye shi a zuciyata ba. Abin da ya sa aka zaɓe shi, wato zai zo ranar mutuwa, da shi ya yi amfani ya kwashe abin da ya rage. Na yi ta juya wannan, kuma har yanzu ban san ko hawayen nan na gaskiya ne ba. Wataƙila na gaskiya ne. Wannan ya fi ban tsoro.

Ina yawan tambayar kaina abin da Ishaya zai ce da zai leƙo yau. Zai ga kowane yaro da waya a hannu, hotunansa da sirrinsa duk suna ajiye a gidajen hayar da bai san ƙasarsu ba, bai san mai gidan ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Ina jin zai yi dariya ya ce duniya ta zaɓi Bature. Ko zai ce ya yi kuskure? Na san zai fara da duba aikinsa, don haka yake: batir ya riƙe, janareto ya tashi, shafi ya buɗe a shagon da ya fi kowane rauni, injin bai taɓa ba mu kunya ba ko sau ɗaya yana raye. Duk abin da ake gwadawa da kashe wuta ya gwada. Abin da ya ci mu ba shi da makunnin da za a kashe a gani. Kuma ya gaya mana tun farko, da bakinsa, cewa mai gida muke zaɓa. Bai ɓoye mana haɗarin ba. Ya dai yarda da ma'aunin da iyayenmu suka bar mana, a daidai lokacin da ma'aunin ya fara tashi daga aiki ba mu sani ba. Idan wannan kuskure ne, to irin kuskuren da mutumin kirki ne kaɗai yake iya yin sa.

Ban hana matan gida ankonsu ba. An riga an raba, an kai wa tela, kuma yarinya ba ta yi laifin komai ba da zan ɓata mata biki. Amma al'ada ce a aika wa aminan gida nasu turmin, kuma Maman Rahila tana cikin na farko. Uwargidana Hajiya ta ce, "Malam, kai za ka kai mata, tunda kai ka san abin da ke ciki." Na hau keke napep zuwa Sabon Tasha da ƙunshin a cinyata kamar mai ɗauke da garwashi.

Na same ta tana tsince wake a ƙofar ɗaki. Muka gaisa, ta tambayi amarya, ta tsokane ni cewa na tsufa har jika ta isa aure ban daina faɗa ba. Na miƙa mata. Ta warware, ta daɗe tana kallo. Na fara yi mata bayanin gurbin, ta ɗaga mini hannu.

"Baba Foman, a kan teburin cin abincina ya yi aikin nan. Na san shi."

Na gaya mata sauran, har da abin da Manaja ya ce. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke turmin daidai yadda ya zo, ta ajiye shi a gefena. Ta ce, "Biki zan zo, ko da rarrafe. Amma wannan ka mayar wa Hajiya, ka ce na gode."

Ranar biki aka kira ni cikin gida in sa wa amarya albarka. Tsakar gida ta cika da shuɗi, mata tun daga bakin zaure har ƙofar ɗaki, kowacce da Gashin Zabo sabo fil yana ɗaukar ido. A tsakiyarsu ga Maman Rahila a kan kujera. Ita ma Gashin Zabo ne a jikinta, amma namu, na Kakuri, cikin turamen da masaƙa take raba wa ma'aikata in Kirsimeti ko Sallah ta zo. Ishaya ya kawo mata shi tun Rahila tana goye. Wanki ya cinye shuɗin har ya koma kalar sararin sama da rani. Na ji wasu suna raɗa cewa baiwar Allah ba ta samu na anko ba ne, ta lallaɓo da tsohon. Ta ji su, ba ta ko juya ba.

A nan na tsaya ina auna abin da ya rage na abokina. Shafin babu, injin babu, faya-fayan babu, takardun gara ta gama da su. Zanen da ya ceto yana yawo a gari ba uba. In da abin da ya saura, to bai fi wannan ba: ya tambayi tsofaffin da babu mai tambayarsu abin da suke so, ya ji, ya ɗauki amsar da muhimmanci har ƙarshen ransa, kuma waɗanda suka zauna kusa da shi sun kamu da wannan ciwon.

Wata 'yar budurwa cikin ƙawayen amarya, mai baki kamar reza, ta tsaya a gaban Maman Rahila tana gwada nata da na tsohuwar. Ta ce, "Mama, naki fa jabu ne. Dubi, ba shi da ɗan adon nan na gefe."

Maman Rahila ta kama hannunta ta jawo ta. Ta ce, "Nawa gara ba ta ci shi ba, 'yata. Kin san wanda ya zana abin da ke jikinki?"

Yarinyar ta ce, "Zana shi ake yi?"

"Jawo kujera."

Ana ta kiɗa, ana kiran ƙawaye su fito rawa. Yarinyar ta waiga ta dubi filin, ta sake duban tsohuwar, sannan ta jawo kujerar ta zauna.